Wuƙar aljihu: abokiyar fatauci da ba ko'ina ake shiga da ita ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin mota ana sauke kaya ya san amfanin 'yar wuƙa. Igiya ta ƙi kwancewa, bakin buhu na jiran a farke shi, kwali an naɗe shi da salatif kamar ba za a sake buɗewa ba. Can kuma a raba goro, a fere mangwaro, a gyara bakin fensirin lissafi. Shi ya sa da wuya ka laluba aljihun tsohon bafatake ka rasa wuƙa mai ninkewa.

Ni dai abin ya wuce buƙata, ya zama sha'awa. Shekaruna goma sha huɗu ina harkar albasa tsakanin Malanbil da Kwatano, kuma yanzu wuƙaƙen aljihu tara gare ni a cikin wani tsohon gwangwanin alewa. Uwargida takan ce, "Maigida, aljihu biyu gare ka, ina za ka kai tara?" Nakan ce mata ai kowace da labarinta. Ga kaɗan daga ciki.

Wadda na fi ɗauka ita ce Opinel, 'yar Faransa mai ƙotar katako. Wani saurayi ɗan gidan maƙera, Joseph Opinel, ya fara ƙera ta a yankin Sabuwa mai duwatsu a 1890. Lamba-lamba ake yin ta, kuma lamba 8, mai kaifi santimita takwas da rabi, ita ce daidai hannun babba. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe a wuya, wanda in ka murɗa shi kaifin ba zai rufe maka yatsa ba. Tambarinta hannu ne da kambi a samansa.

Sai Douk-Douk, siririya, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka biyu. Gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ya fito da ita a 1929 don kasuwar tsibiran tekun Fasifik, har aka zana wani dodon al'adar can a jikinta. Can ba ta karɓu ba, sai a Arewacin Afirka, daga nan ta gangaro ƙasashen da Faransa ta mallaka. Da masu ita suka lura Musulmi da yawa ba sa son hoton nan, sai suka yi wata mai suna El Baraka, suka sa mata alamar Abzinawa da aka sani da kuros ɗin Agadas. Kun ga ke nan, tun zamanin kakanninmu mai saye ke juya mai ƙera.

Ta uku Okapi. Asalinta garin Solingen na Jamus, a 1902, an yi ta ne don kasuwannin Afirka, kuma a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Wasu nau'o'inta na da ɗan zobe a baya, sai ka ja shi kafin kaifin ya yarda ya koma gida.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne, ba don ado aka yi su ba. Kayan talaka ne, na manomi da makiyayi da ɗan dako. Saboda haka ban yarda da tarin da ake kullewa ana kallo kawai ba. Kowane mako nakan canza wadda zan fita da ita, don wuƙar da ba ta aiki tsatsa ce ke gadonta.

Zancen tsatsa kuwa, mazauna bakin teku irin Kwatano, Akara da Duwala su buɗe kunne. Yawancin tsofaffin wuƙaƙen nan baƙin ƙarfe ne, mai saurin wasuwa da cin kaifi, amma ba ya shiri da laima. Ka yanka lemo ko albasa ka ninke ta haka nan, gobe ka tarar ta yi ja. A goge, a busar, a ɗiga mai kaɗan. Ƙotar katako ita ma takan kumbura da damina har kaifi ya ƙi fitowa. Kada a sa haƙori ko farce. A buga gindin ƙotar a kan benci sau ɗaya, bakin zai leƙo. In ka hau arewa da hunturu kuma katakon ya bushe, sai ta yi sako-sako. Wajen saye a duba tambari da kyau, jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado.

To, ga inda maganar ta fi nauyi. A rumfarka wuƙa kayan aiki ce. A shingen bincike da tsakar dare, a aljihun baƙon da harshensa bai gama nuna ba, wani suna za a ba ta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, alal misali, wadda aka yarda mutum ya yawata da ita ba tare da bayar da dalili ba ita ce mai ninkewa wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci uku ba. Ke nan Opinel mai zobe ba ta shiga ciki. Wani abokin cinikina ya bar wuƙar da ya gada daga mahaifinsa a wani filin jirgi, don ta kwana a jakar hannunsa. Kuɗinta bai kai na abincin rana biyu ba, amma har yau in ya tuna sai ya yi shiru.

Ga tsarin da nake bi. In jirgi zan hau, tana cikin akwatin da za a auna. In iyaka zan ƙetare, tana cikin jakar kayan aiki tare da allurar buhu da igiya, inda duk mai bincike zai gane abin da ake yi da ita. Banki, ofishin hukuma, makarantar yara, gidan biki, taron siyasa, duk a gida nake barinta. In gardama ta kaure a kasuwa kuwa, hannuna ba ya kusantar aljihu ko da wasa. Mu baƙi ne. Abin da ɗayanmu ya yi, zango gaba ɗaya ake ɗora wa.

A gida ma akwai doka. Gwangwanin yana saman kwaba, inda ƙanana ba sa kaiwa. Babban ɗana, da ya cika sha biyar ya fara bi na kasuwa ranar Asabar, na ba shi ƙaramar Opinel da sharuɗɗa uku: ya riƙa yanka yana nesanta kaifi daga jikinsa, ya ninke ta kafin ya miƙa wa wani, kada kuma ta bi shi makaranta. Ya ce, "Baba, in na kiyaye, za a ba ni mai kuros ɗin?" Na ce sai ranar da ya wasa tasa da kansa har ta yanke igiyar buhu a ja ɗaya. Yana nan yana fama da dutsen washi.