Yadda ake auna ƙarfin ambaliya, daga kogin Gongola zuwa Lokoja

Mazaunin Hammadu Kafi a garin Gombe ba a bakin babban kogi yake ba, amma ruwan da ke zuba daga indararon gidansa a watan Agusta yana cikin lissafin masana. Ruwan kan bi kwazazzaban gari ya gangara kwarin Gongola, kogin da ya taso daga tsaunukan Filato, ya ratsa Bauchi, ya karkato kudu a wajen Nafada, ya cika madatsar Dadin Kowa, ya wuce ta Kiri, sannan ya faɗa Binuwai a Numan. Daga can sai Makurɗi, sai Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Neja.

Idan damina ta yi nisa, alƙaluma biyu ake ji daga Hukumar Kula da Al'amuran Ruwa ta Ƙasa, NIHSA, kuma jama'a kan ɗauke su abu ɗaya. Na farko tsayin ruwa ne, wanda ake karantawa a jikin sanda mai lambobi da aka kafa a gaɓar kogi ko a ƙafar gada. Na biyu, wanda ya fi wuyar samu, shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta wurin a kowace daƙiƙa. Ma'auninsa shi ne mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato lita dubu, ko duro biyar.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Kogi mai faɗin mita 100 da zurfin mita uku, wanda ruwansa ke gudun mita biyu a daƙiƙa, yana wucewa da ma'auni 600 ke nan. Wahalar tana wajen samo alƙaluman, domin gudun ruwa a tsakiya daban yake da na gefe, na sama kuma daban da na ƙasa. Shi ya sa ma'aikata kan raba faɗin kogin kashi-kashi, su saukar da na'ura mai farfela a kowane kashi, ko su tsallaka a kwalekwale da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa tana auna gudunsa. Idan aka maimaita haka a lokuta da yawa, sai a fitar da jadawalin da ke cewa tsayi kaza na nufin ruwa kaza. Daga nan mai karanta sanda ya wadatar.

To amma a ranar da kogi ya kai ƙololuwa, ranar da aka fi bukatar awon, babu mai hankalin da zai shiga kwalekwale. Wani lokaci sandar kanta kan nutse, ko ruwa ya tafi da ita. Sai bayan ruwa ya janye masana ke bin sawunsa: layin laka a jikin bango, ciyawa da leda da suka maƙale a rassan itatuwa, da shaidar mutanen da abin ya faru a gabansu. Da waɗannan alamomi ake gano tsayin da ruwa ya kai da gangarensa, a ƙiyasta yawansa. Saboda haka mafi yawan alƙaluman ƙololuwa ƙiyasi ne, kuma ya kamata a riƙa karanta su a haka.

Lokoja ta nuna dalilin da ya sa ba a dogara da tsayi kaɗai. A ƙarshen Satumban 2012 ruwa ya kai mita 12.84 a can, da ma'auni fiye da dubu 31 a daƙiƙa, sama da duro dubu 150 ke nan kafin ƙiftawar ido. A Oktoban 2022 tsayin ya zarce mita 13, alhali ruwan da aka lissafa kimanin ma'auni dubu 25 ne. Ruwa ya ragu, amma ya fi hawa. Haka kan faru idan yashi da laka suka cike cikin kogi, ko gine-gine suka toshe fadamun da ruwa ke bazuwa a cikinsu. Ƙasar da zaizaya ke kwashewa daga garuruwa irin su Gombe ba ɓacewa take yi ba, a madatsu da cikin koguna take kwanciya, kuma duk lokacin da ta sauya siffar kogi sai an sake jadawalin awo.

Ɓarna kuwa da wani ma'auni ake ƙirga ta. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan biyu da muhallansu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Girman asara bai tsaya ga yawan ruwa ba. Shinkafar da ta yi kwana biyu a nutse kan farfaɗo, wadda ta yi mako biyu kuwa sai haƙuri. Ruwan da ya zo da rana da wanda ya zo mutane na barci ba ɗaya ba ne, kamar yadda mutanen Maiduguri suka gani a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

A duk shekara idanu kan koma kan madatsar Lagdo ta Kamaru, da kuma ta Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara domin tare ruwanta amma har yau ba a gina ba. Sai dai Binuwai na karɓar ruwa mai yawa daga rassansa na cikin gida, irin su Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Kafin masu kula da Dadin Kowa su buɗe ƙofofi, suna bukatar sanin abin da ke tahowa daga Nafada, kamar yadda manoman Shelleng da Numan ke bukatar sanin sa'o'i nawa ya rage musu su kwashe amfani.

Akwai kuma furucin da ke yaudarar mutane, wato "ambaliyar shekara ɗari". Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ruwa ya kai wannan matsayi, ba wai sai an shekara ɗari zai dawo ba. Wanda ya gina gida a irin wannan wuri ya zauna shekara 30, yiwuwar ruwan ya same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan ɗaya cikin huɗu.