Hoton Mutum da Guntayen Leda a Nima

Akwai wata sana'ar hannu da ake harhaɗa ƙananan guntaye masu launi daban-daban, a jera su har kamannin mutum su fito. Rumawan dā sun yi ta da tsakuwa da gilashi.

A Nima kuwa, ɗaya daga cikin zangunan Accra (Hausawa kan ce Ankara), abin da ya wadata shi ne leda, wadda kan toshe magudanan ruwa har ta jawo ambaliya da damina. Rufai Zakari, wanda aka haifa a 1990, mutumin Bawku ne, amma a Nima ya koyi zane. Da ledar ruwa da ta kayan abinci yake haɗa hotunan mutane. Akan tsinto ledar, a wanke, a shanya, a danne ta da zafi, sa'an nan a yanyanka a ɗinke da allura.

Wahalar aikin tana wajen launi. Mai fenti yakan gauraya kalar da yake so nan take. Mai leda kuwa, in ɗankwalin matar da ke hoton ja ne, tilas ya jira sai an tsinto masa jar leda isasshiya.