Me Ya Hana Mutanen Gobir Tashi?

Tun da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana komawa gida daga Sakkwato a Yulin 2024, ya kuma rasu a hannun 'yan bindiga cikin Agusta, nake jin 'yan birni suna cewa: su mutanen ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, me ya sa ba za su tashi ba? Tambayar nan tana ci mini rai. Hanyar da ta ci basarake, ina ga talaka mai ƙunshin kaya a ka?

Ai an gwada. A Disambar 2021, kusa da Gidan Bawa, aka tare mota cike da matafiya, har da mata da yara, aka cinna mata wuta. 'Yan sanda sun ce mutum 23 ne suka rasu.

Tushen abin, a ganina, shi ne mutum ya zama dukiya. Da shanun sata suka yi ƙaranci, sai shugabannin 'yan bindiga irin su Bello Turji suka koma tatsar manoma, kuma garin da ya watse ba ya biyan haraji. Akan aza wa ƙauye miliyoyi, mai gari ya bi gida-gida, a sayar da tunkiya, a sayar da keken ɗinki, har da gadon amarya. A biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi. Wanda aka yi wa ƙarƙaf haka, ina ya ga kuɗin mota? In kuma ya sulale da dare, ya san kasonsa ya faɗa wuyan maƙwabcinsa.

Ba a kansu aka fara tsare mai son tashi da haraji ba. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta ɗora wa masu ilimin jami'a da ke neman ƙaura, akasarinsu Yahudawa, harajin fita mai nauyi, kuma da yawa daga masu neman izini sun rasa aikinsu. Amma su sun sami masu tsaya musu: a 1974 majalisar Amurka ta gindaya wa Mosko sharaɗin barin mutane su fita kafin ta sami rangwamen ciniki. Bagobiri kuwa sashe na 41 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba shi 'yancin zirga-zirga, sai dai babu mai raka shi hanya.

Gwamnati ma ta sa hannu wajen toshe ƙofa. Ta rufe iyaka da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta katse layukan waya a Satumbar 2021, ta sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Masu kare matakan suna cewa ta nan makamai da fetur ke bi. To, an ji. Amma ɗan bindiga ta daji yake bi da babur, bai san shingen kwastan ba. Wadda shingen ya tsayar ita ce tsohuwar da danginta ke Tibiri ko Gidan Rumji a jihar Maraɗi, sai ta bi ɓarauniyar hanya da jikoki a ƙafa, hanyar da maharan suka fi kowa sani.