Turmin Shekara Shida: Haƙorin da Ba Shi da Magaji

Darasin farko da ake koya wa ɗalibin likitancin haƙori shi ne ya san tsarin baki kamar yadda ya san lungunan gidansu. Daga waje akwai leɓɓa da kumatu. Daga ciki kuwa akwai dasashi da harshe da rufin baki, wanda ɗaliban Hausa suka riga suka san sassansa a darasin furuci: hanƙa a bayan haƙoran sama, sai ganɗa mai ƙashi, sai hanɗa mai taushi wadda beli yake reto a ƙarshenta. Haƙora suna dashe ne a muƙamuƙai biyu. Na sama a haɗe yake da ƙoƙon kai, na ƙasa shi kaɗai ke motsi. A cikin wannan tsari akwai wani haƙori da rashin sanin matsayinsa kan jawo wa yara asarar da ba ta mayuwa.

Lissafin Haƙora

Ɗan Adam kan yi haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na yarinta guda 20 ne, sukan fara tsirowa wajen wata 6 da haihuwa, su kammala kafin shekara 3. Daga wajen shekara 6 zuwa 12 yaro kan yi famfara, na dindindin su maye gurbinsu. Cikakken baligi yana da haƙora 32. Idan aka raba baki gida huɗu, kowane kashi yana da haƙoran gaba 2 na gatsa, da fiƙa 1 ta yaga, da ƙananan turame 2, da manyan turame 3 na niƙa.

A nan ne lissafi yake da abin faɗa. In aka ɗebe 20 daga 32, saura 12. Waɗannan su ne manyan turame, kuma ba su gaji kowa ba. Na farkonsu kan ɓullo wajen shekara 6, can ƙurya, a bayan haƙorin yarinta na ƙarshe, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa kan ɗauka na yarinta ne. Idan ya fara ruɓewa sai a ce a bar shi, ai zai faɗi wani ya fito. Alhali kuwa babu wani da zai fito.

A shekarar 1899, wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya tsara yadda ake auna haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa, kuma wannan turmi ya ɗauka a matsayin ma'auni. In aka cire shi, maƙwabtansa kan karkato cikin giɓin, abokin karawarsa na ɗaya muƙamuƙin kuma ya zarce tsawonsa, tauna ta gurgunce.

Cikin Haƙori

Kowane haƙori yana da kai, wanda ake gani, da saiwa a cikin ƙashi. Turmin ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, na sama uku. Kan haƙori a lulluɓe yake da inamel, wanda ya fi komai tauri a jiki, domin wajen kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adinai ne. Sai dai ba shi da ƙwayoyin halitta masu rai, don haka in ya huje ba ya toshe kansa kamar yadda karaya ke ɗoruwa. A ƙarƙashinsa akwai dentin mai ƙananan kafofi, a tsakiya kuma ɓargon haƙori mai ɗauke da jijiyoyin jini da na ji.

Tun a shekarar 1890 Willoughby Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya na baki kan mayar da sukari asid, shi kuma ya narkar da inamel. Yawu, wanda jiki kan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, shi ke wanke wannan asid, amma yakan ragu ainun lokacin barci. Turmin shekara shida ya fi shiga hatsari, domin samansa yana da tsagogi masu riƙe abinci, kuma yakan fito a lokacin da yaro ya fi son alewa bai kuwa iya goge baki sosai ba.

Ruɓa ba ta da zafi muddin tana cikin inamel. In ta kai dentin, sai a ji tsami in an sha sanyi ko zaƙi. In ta kai ɓargo, sai zogi ya hana barci. Daga baya ciwon kan lafa, ba don an warke ba, sai don ɓargon ya mutu, mugunya kuma ta fara taruwa a gindin saiwa. Daga turamen ƙasa tana iya malala ƙarƙashin harshe, kumburi ya toshe numfashi, kamar yadda likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836. Masu iya magana kan ce baki shi ke yanka wuya.

Yadda Za a Gane Shi

Gane shi ba wuya. A fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa ƙurya: na shida shi ne. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan da madubi kawai, su kuma su duba bakin ƙannensu a gida. A tabbata buroshi ko asuwaki yana kaiwa gare shi, a riƙa amfani da man goge baki mai fuloraid safe da dare, a rage zaƙi tsakanin abinci. Likita na iya toshe tsagoginsa tun yana lafiya. Da an ga baƙin ɗigo a kansa, asibiti ya kamata a nufa, tun kafin ciwo ya yi sallama.