Allo A Gidan Haya: Yadda Muka Haɗa Namu Da Kuɗi Kaɗan

Wata ranar Asabar muna zaune a falon yayata a Manchesta, na ce wa ɗiyarta mai shekara 8 ta rubuta mini kalmar "ƙafa". Ta ɗauki biro ta rubuta "kafa". Na karɓa na yi wa harafin farko lanƙwasa a ka, na ce mata ga yadda ake rubuta shi. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta ce, "Anti, ai babu wannan harafin. Haruffa 26 ne, malamarmu ta faɗa."

Yarinyar tana jin Hausa, tana mayarwa, har tana tsokanar kakarta a waya. Amma a iya saninta Hausa abin faɗa ce da baki, rubutu kuwa na Turanci ne. Ban ga laifinta ba. Duk rubutun da idonta ke gani tun daga kwalin madara har allon tashar bas da Turanci yake. Mu manyan ma da ke tura wa juna saƙo da Hausa, ba mu damu da lanƙwasa ba. A daren na ce wa yayata, "Yaya, gidan nan allo yake buƙata." Ta ce in dai ba zan taɓa bangon mai gida ba, kuma ba zan taɓa kuɗin cefane ba, in yi abin da na ga dama. Da waɗannan sharuɗɗa biyu na fara.

Mu da allo ba baƙin juna ba ne

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ko a zango ya san allo kafin ya san littafi. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kuma har yau a makarantun halwa na Sudan da irin wannan allon katako yara ke karatu. Sau da yawa da icen aduwa ake sassaƙa shi, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro, a fere alƙalami. Yaro ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, in ya riƙe karatunsa ya wanke a sake rubuta masa wani. Hikimar ita ce abin rubutu guda ɗaya ya ishi yaro shekaru, kuma kuskure ba ya zama abin kunya tunda ruwa na tafiya da shi.

Babban allon bango na makarantar boko daga baya ya zo. Ana yawan danganta farkonsa da wani malami mai suna James Pillans, wanda ya koyar a birnin Edinbara na Sikotlan a farkon ƙarni na 19, yana zana wa ɗalibansa taswira da alli mai launi. Farin allo na maka kuwa bai mamaye azuzuwa da ofisoshi ba sai wajen shekarun 1990. Kowanne daga cikinsu ana iya haɗa shi a gida, kuma ba sai an kira kafinta ba.

Baƙin allo: abin da za a tanada

Abu na farko katako ne mai shafaffiyar fuska. Cikakken falankin filawud ko na MDF tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, wato santimita 244 da 122. Wannan ya yi wa falo yawa. Kashi ɗaya cikin huɗunsa, santimita 122 da 61, ya wadatar da yara biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa. A Ingila shagunan kayan gini irin su B&Q na sayar da shi a yanke. Kaurin milimita 6 zuwa 9 ya fi, domin wanda bai kai haka ba yakan lanƙwashe, wanda ya wuce kuma nauyi gare shi. Wanda ke Kumasi, Yawunde ko Injamena ya leƙa wurin kafintoci ya tambayi ragowar yanka, zai samu da arha. Ƙofar tsohon kabad ma tana yi.

Sai samfefa mai laushi, da ƙaramar rola ta soso ko buroshi, da tsumma, da fenti. Akwai fentin allo na gwangwani da ake sayarwa a haɗe, kuma ƙaramin gwangwani ya isa wannan girman har ya yi saura. In ba a samu ba, ko an ga tsadarsa, ana haɗawa a gida: kofi 1 na fentin ruwa marar ƙyalli, a zuba masa babban cokali 2 na garin da ake cike tsakanin tayil da shi, irin marar yashi. In babu shi, garin POP na iya maye gurbinsa. A dama sosai har gudaji su mutu. Amfanin garin shi ne ya ba fentin ɗan kaushi, domin alli gogewa yake yi a jikin allo ya bar gari, in fuskar ta yi santsi sai ya zame bai bar komai ba. A riƙa haɗa kaɗan kaɗan, don yana saurin yin kauri. Ba kuma dole sai baƙi ba. Kore mai duhu ko shuɗi mai duhu duk suna fito da farin alli.

Yadda ake yi

A fara goge fuskar katakon da samfefa, har da gefuna da kusurwoyi don kada sartse ya soki yaro. A yi wannan a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga, da takunkumi a hanci, musamman in MDF ne, saboda ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. A share ƙurar da tsumma mai ɗan laima, a bari ya bushe.

Daga nan a shafa fenti siriri, ba a lafta ba. Shafin farko a bi tsawo, in ya bushe a ɗan bi shi da samfefa a hankali, na biyu a bi faɗi. Shafi biyu na yi, uku sun fi. Masu zama a ƙasashe masu zafi irin su Saudiyya, Sudan da Cadi su yi aikin a inuwa, da safe ko da yamma. Rana tsaka tana busar da saman fenti kafin cikinsa, ga kuma ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen fenti.

Bayan shafin ƙarshe sai a yi haƙuri kwana 3. Fentin zai yi kamar ya bushe tun ranar farko, amma bai yi ƙwari ba. Idan kwanakin sun cika, kafin a rubuta komai, a kwantar da alli a gefensa a murza shi ko'ina a fuskar allon har ta yi fari fat, sannan a goge da busasshen tsumma. Wannan garin ne ke cike ƙananan ramukan fentin, ta yadda duk abin da aka rubuta daga baya zai gogu tas.

Ni kaina sai da na yi asara kafin na koyi waɗannan. Gwajina na farko a kan wata ƙofar kabad mai ƙyalli na yi shi, na ga kamar gugar samfefa ɓata lokaci ne. Kwana biyu ƙaramin yaron gidan ya sa farce ya ɗago fentin kamar ɓawon albasa. A na biyu kuma ɗoki ya hana ni murza allin. Har yau in hasken taga ya faɗo a kan allon, ana hango inuwar "Assalamu alaikum" da na fara rubutawa. Duk da asarar, abin da na kashe gaba ɗaya bai kai fam 20 ba.

Gargaɗi biyu. Da yawanmu mun tuna yadda ake aiken 'yan firamare su farfasa tsofaffin batura a shafe allon aji da baƙin cikinsu. Kada a yi wannan a gida. Sinadarai ne da bai kamata su taɓa hannun yaro ba, balle bakinsa. In babu halin sayen fenti sam, dakakken gawayi da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan ƙaro ko sitaci ya fi aminci, sai dai yana kama hannu kuma sai an riƙa sabuntawa. Na biyu, a yi hattara da tsofaffin ƙofofi da aka tsinto masu tsohon fenti. A da ana sa dalma a fentin gidaje, Amurka ma sai a 1978 ta haramta shi, kuma ƙurarsa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. In ba a san tarihin katako ba, a bar shi.

In farin allo ake so

Gidan da ke da mai asma, ko ɗakin da aka shimfiɗe da kafet, farin allo ya fi dacewa da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sami babban firam na hoto mai gilashi, irin wanda ake samu a shagunan gwanjo, a cire hoton a sa farar takarda a madadinsa. Shi ke nan, an gama. Maka na gogewa daga gilashi fiye da kowane abu. Wani amfaninsa kuma, ana iya sa takarda mai layi a ciki, ko wadda aka rubuta haruffan boko ko na ajami manya manya, yaro ya riƙa bin su ta saman gilashin yana gogewa. Sai dai gilashi ba na gidan da ke da mai rarrafe ba ne, sai in an kafe shi sama sosai.

Hanya ta biyu ita ce farin falanki mai ƙyalli da ake yin kabad ko rufe bangon banɗaki da shi. A Amurka ana samunsa a Home Depot da Lowe's da arha. Aibinsa shi ne in rubutu ya kwana biyu a kai yakan bar tabo. Man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol yana fitar da tabon. In yaro ya yi kuskure ya yi rubutu da makar da ba ta gogewa, a bi ta kan rubutun da makar allo a goge nan take, zai fita.

Kafin a zaɓa a yi lissafin gaba. Farin allo ya fi sauƙin haɗawa, amma maka na ƙarewa, kuma da zarar yaro ya manta murfi ta bushe. Kwalin alli guda kuwa sai ya yi watanni.

Bangon mai gida

Yawancinmu haya muke yi, kuma kowa ya san yadda ake zaftare kuɗin ajiya a kan rami guda a bango. Kada a yi wa bangon haya fentin allo sai da izini a rubuce. Allo marar nauyi ana iya manna shi da maƙalan Command masu ɓantaruwa ba tare da ƙusa ba, amma a duba nauyin da aka rubuta a jikin kwalin. Namu jingine shi muke yi a bayan kujera, a fito da shi lokacin karatu. In za a jingine, babba ya kasance a wurin, don kada ya faɗo wa yaro. Wanda yake gidansa na kansa, ko gidan gado a zango, yana iya sa magini ya shafe masa wani ɓangare na bangon tsakar gida da siminti sumul, a yi masa fenti, kamar dai na firamare. Wannan har jikoki sai su gaje shi. Ko ta wace hanya aka bi, tsakiyar allon ta yi daidai da idon yaro, ba na babba ba.

Me za a rubuta a kai?

Nan ne aikin yake, domin allo ba ya koyarwa da kansa. Namu ya taɓa yin mako biyu a bayan kujera lokacin da rubutun digirina ya sha mini kai, babu wanda ya tuna da shi. Abin da ya cece shi shi ne da muka daina ɗaukarsa a matsayin aji. Yanzu jerin cefane a kai ake rubuta shi da Hausa: gishiri, tattasai, man gyaɗa. Ranar mako ma haka. Wanda ya fara tashi ya rubuta kacici-kacici, wanda ya gane ya rubuta amsa a ƙasa.

Karatun kansa minti 10 ne bayan sallar magariba. Mun fara da haruffan da makaranta ba za ta koya musu ba: ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ. Sai mu jera kalmomi biyu biyu su ga abin da lanƙwasa ke yi: baki da baƙi, fada da faɗa, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Harafin da aka zana da girman tafin hannu, yaro ya bi shi da dukan damtsensa, ya fi zama a kai fiye da wanda ya latsa a waya. Ayoyin Alƙur'ani kam ba ma rubuta su a wannan allon, tunda a ƙasa yake jingine kuma garin allin zuba yake yi. Su suna da nasu allon katakon da kakarsu ta aiko da shi daga Zariya.

Makon jiya na dawo daga makaranta na tarar da jerin cefanen yayata a allon. A inda ta rubuta "kwai", wani ƙaramin hannu ya bi da jan alli ya yi wa harafin lanƙwasa, ya kuma rubuta a gefe: "Mama, gyara."