Rashin natsuwa: Yadda zama da ƙwararre ke dawo da hankali wuri ɗaya

A kasuwar Sabo da ke Yaba, za ka ga ɗan kasuwa ya ƙirga canji sau uku, kuma duk da haka ya bayar ba daidai ba. A gida uwa ta ɗora tukunya ta manta, sai ƙauri ya tuna mata. Yaro ya zauna gaban allo ko littafi, amma hankalinsa na can wani wuri. Mun saba kiran wannan sakaci, lalaci ko daƙiƙanci, wani lokacin ma a ce sammu ne. A wajen likitoci kuwa, kasa tattara hankali alama ce da ke da dalili, kuma yawancin dalilan suna da magani.

Me ke kawo shi?

Ciwon damuwa da yawan fargaba na kan gaba. Wanda tunanin kuɗin haya ko na iyalin da ya baro a Arewa ya cika masa zuciya, da wuya ya riƙe lissafi. Haka masu acaɓa da dama suka shiga zullumi bayan gwamnatin Legas ta hana sana'arsu a wasu ƙananan hukumomi, har da yankin Yaba, a watan Yunin 2022.

Akwai kuma ƙarancin barci. Babban mutum na buƙatar aƙalla awa 7 a dare, yaro ɗan firamare kuwa awa 9 zuwa 12. Wanda ya bar Agege da asuba don gudun cunkoso, ya dawo bayan isha'i, ya kuma raba dare yana latsa waya, ba ya samun haka. Shan tiramadol da makamantansa da sunan ƙarin ƙarfi shi ma yana dagula tunani.

A ɓangaren yara, akwai lalurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke shafar kimanin yaro 5 cikin 100 a duniya. Yaron ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aiki, yana yawan ɓatar da kayansa, a gida da makaranta duka. Bulala ba ta warkar da wannan, sai dai ta ƙara masa tsoro.

Me ake yi a ɗakin ƙwararre?

Matakin farko bincike ne. Likita zai duba ko akwai ƙarancin jini, matsalar gani ko ji, ko wani ciwo na jiki. Yaron da ba ya ganin rubutun allo da kyau tabarau yake buƙata.

Idan matsalar ta tunani ce, sai a koma jinya ta hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Fitacciyar hanya ita ce CBT, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Ana zama kusan awa ɗaya a mako, na tsawon makonni ko 'yan watanni. Mutum zai koyi gane tunanin da ke sace masa hankali, kamar “komai zai lalace”, ya auna shi da gaskiyar lamari. Zai koyi ware wa damuwarsa lokaci na musamman ya rubuta ta, maimakon ta bi shi har shago. Ana kuma koya masa raba babban aiki ƙanana-ƙanana, da daidaita numfashi, da gyara tsarin barci. Idan damuwar ta ragu, natsuwa takan dawo.

Ga ƙananan yara, rabin aikin na iyaye ne. Ana koya musu ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da yaba wa yaro nan take idan ya yi daidai, da tsayar da lokacin karatu ɗan gajere mai hutu a tsakani. Idan akwai buƙatar magani, likita ne kaɗai zai rubuta shi.

Ina za a je?

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda aka kafa a 1907, yana kusa da Sabo, kuma yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da na LASUTH a Ikeja, wanda ya fi kusa da mutanen Agege, su ma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin da ke hana da yawa zuwa shi ne tsoron a ce an gan su a “Yaba Left”, sunan da mutanen Legas ke yi wa asibitin ba'a da shi. Amma masu rashin barci da damuwa na zuwa su ga likita su koma gida ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin majinyata daga wariya. Wanda harshe zai ba shi matsala ya tafi da amintaccen mai fassara.

Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Idan rashin natsuwa ya ɗauki makonni, ya fara taɓa ciniki, karatu ko zaman gida, a je a ga likita tun kafin jari ya karye ko yaro ya tsani makaranta.