Kaset da Kiɗan Gwaji: Yadda Ƙananan Kamfanoni Suka Kauce wa Kasuwa

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da kiɗan gwaji shi ne wanda makaɗi ke ƙaga shi ba tare da bin amon da kunne ya saba da shi ba, yakan ma haɗa da ƙarar injuna, da hayaniyar titi, da muryoyin da aka yanyanka aka sake jerawa. Irin wannan kiɗa ba ya kawo riba, don haka manyan kamfanonin faifai suka juya masa baya. Kaset ne ya ba shi mafaka.

2.0 Dalilan Bunƙasarsa

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset cikin 1963. Bambancinsa da faifan garmaho a fili yake: buga faifai sai a masana'anta, kuma sai an buga ɗaruruwa kafin a mai da kuɗi, shi kuwa kaset, mai rikoda biyu yana iya kwafar goma ko ashirin a ɗakinsa. Cikin 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio, na'urar da ke ɗaukar sauti layi huɗu a kan kaset guda. Daga nan ɗakin kwana ya zama ɗakin ɗaukar kiɗa.

A Landan, ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa Industrial Records cikin 1976, ta riƙa fitar da wasanninta a kaset. A Japan, Masami Akita, wanda aka fi sani da Merzbow, ya yi ta rarraba nasa da kansa. A birnin New York kuwa an fara Tellus cikin 1983, watau mujallar da ake saurara maimakon karantawa. Gidan waya shi ne kasuwar wannan harka. Mujallu irin su Op ta Amurka sukan buga sharhi tare da adireshin makaɗi, mai so ya aika da kuɗi kaɗan, ko ya yi musaya da nasa kaset.

3.0 Matsalar Adanawa

Sai dai sauƙin nan shi ne kuma rauninsa. Abin da aka kwafa kaɗan, saurin ɓacewa gare shi, ga shi zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura. Misali na kusa shi ne Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasar cikin 1978. Kwafi kaɗan aka yi, aikin ya kusa nutsewa, har sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi cikin 2013.

4.0 Kammalawa

Ke nan kaset ya 'yantar da makaɗi daga hannun dillali, amma bai tanadar masa ma'aji ba. Wannan nauyi yana wuyan jami'o'i da gidajen adana tarihi, tun kafin zaren ya gama lalacewa.